Allura a Cikin Marka: Matan Ƙauyukan Samaru da Kasuwar Sabon Gari

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Samaru, irin su Bomo da Basawa da Milgoma da Shika, ya san cewa da zarar ruwa ya zauna, gari yakan koma na mata da tsofaffi da ƙananan yara. Tun da sanyin safiya maza sun saɓa fartanya sun nufi gona, ba a sake ganinsu sai bayan azahar, wata rana ma sai la'asar sakaliya. Mai wucewa ta bakin hanya zai zaci babu abin da ake yi a bayan katangun nan sai daka da girki da reno. Alhali kuwa a cikin gidajen akwai wata masana'anta wadda ba ta da allo a ƙofa, ba ta cikin littafin kowace ma'aikata, kayan aikinta duka kuma ba su fi a ƙulle su a gefen zane ba, watau allura da zare da ƙyalle da reza.

Yadda abin yake gudana shi ne, idan an gama surfe an ɗora sanwa, an sallami yaron da zai kai wa 'yan gona abinci, sai matan gida uku ko huɗu da ke maƙwabtaka su taru a wurin wata dattijuwa, galibi wadda ta fi su hannu, wadda kowa ke kira Inna ko Gwaggo ko da babu dangantakar jini. Idan gari ya yi wasai a tsakar gida ake shimfiɗa tabarma. Idan kuwa marka ce, kamar yadda takan yi a watan Agusta, sai a matsa bakin ƙofar ɗaki, kowace tana neman inda haske zai faɗo a kan cinyarta. Mafi yawan abin da ake ɗinkawa hula ce. Amma akwai mai yi wa zanen gado fure, da mai rigar matashi, da mai saƙar kwarashi, da kuma wadda ke harhaɗa guntayen yadin da aka sharo daga shagunan telolin Sabon Gari, tana jera su launi bayan launi, ta yi musu shafi da tsohon zane, har su zama mayafin da yara za su lulluɓa da shi idan hunturu ya zo. A nan ake zubin adashi, a nan ake sanin wadda ta kusa haihuwa da wadda za ta aurar da 'ya, a nan kuma yarinya 'yar shekara tara take fara koyon yadda ake riƙe allura ba tare da ta tsire yatsa ba.

Abin da wannan maƙala take son ta kafa hujja a kansa shi ne, wannan zama na damina sana'a ce cikakkiya, kuma ana cin gumin masu yinta ta fuska biyu. Kasuwa tana sayen aikinsu da arha domin ba su san farashinsa ba. Masu ilmi kuma, waɗanda katangarsu ke jingine da ta waɗannan ƙauyuka, sun bar ilmin da ke cikin aikin yana zubewa ba su tara shi ba.

Da farko ya kamata a tambaya, me ya sa sai da damina abin yake ƙarfi? A tsarin rayuwar Bahaushen karkara, sana'ar hannu ta namiji ta rani ce. Masaƙi da marini da maɗinki duk manoma ne, da ruwa ya sauka kowa yakan jingine kayan aikinsa sai bayan kaka. To, amma kan mutanen birni bai san damina ba. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan siyasa suna bukatar hula ko ana ruwa ko ba a yi, saboda haka aikin da maza suka ajiye yakan gangaro hannun matan da ke cikin gida. Daɗin daɗawa, tsakanin watan Yuli da farkon Satumba shi ne lokacin da rumbu yake ƙasa, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabon gero bai nuna ba, ɗan kuɗin da maigida yake da shi kuma ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. A shari'a, ci da sha da sutura nauyin miji ne, abin da mace ta samu da hannunta kuwa mallakarta ne, ba wanda ke da ikon taɓa mata. Haka dokar take. Amma wanda ya zauna a ƙauye ya san cewa a watan marka kuɗin hular nan su ne sukan zama gishiri da daddawa da maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma a lokacin ne yake tashe. Sunan abin rance ne, maigida zai biya da kaka. Wani yakan biya.

Akwai masu kallon irin wannan zama su ce ai al'adar gargajiya ce da aka gada kaka da kakanni, su yi ta yabonta kamar wani tsohon gini. Wannan magana ba ta yi daidai da tarihi ba. Sana'ar da matan ƙasar Zazzau suka gada daga kakanninsu kaɗi ce. Mace takan gurje auduga da magurji, ta shiɓe ta, ta ɗauki mazari da alli da taskira, ta fitar da abawa mai kauri ko arafiya mai laushi, masaƙa su saya su saƙa fari ko saƙi ko gwado ko luru. A kan wannan zare na mata ne aka gina cinikin tufafin da ya ba Bature Heinrich Barth mamaki sa'ad da ya shiga Kano a shekarar 1851, har ya ƙiyasta abin da ake samu daga gare shi a shekara da wuri miliyan 300. Bayan shekara ɗari, lokacin da M. G. Smith ya yi bincikensa a kan tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau, wanda aka buga a 1955, matarsa Mary Smith kuma ta rubuta labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, kaɗi yana nan a hannun mata. Ɗinkin ado kuwa, musamman na babbar riga, aikin maza ne, yawancinsu malamai da almajirai, domin hannun da ya saba da zayyanar allo shi ne ya fi iya zana aska da tambari a ƙirjin riga.

Abin da ya kashe kaɗi daga nan kusa ya taso. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, shi ne ma ya haifi Sabon Gari. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, wanda aka sani da B.C.G.A., ya kafa injin gurza, aka shigo da sabon irin auduga wanda masaƙun Ingila suke so. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962, auduga kuwa tana cikin manyan amfanin gonar da aka duƙufa a kansu. Sa'an nan a 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, wasu suka biyo bayanta. Zaren inji ya cika kasuwa, ya fi na mazari arha da daidaito, mace ta ga wuni guda tana kaɗi ba zai saya mata ko ƙwaryar gari ba. Ba wanda ya kira taro domin ya nema wa matan nan mafita. Su da kansu suka ajiye mazari suka ɗauki allura, suka shiga ɗinkin hula, daga baya ma, wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, matan birnin Zariya suka kutsa cikin aikin babbar riga wanda a da ba a san mace da shi ba, kamar yadda Elisha Renne ta nuna a rubuce-rubucenta. Yau masaƙun da suka kori mazari su ma sun mutu: ta Kaduna ta rufe a 2002, babbarsu kuma, U.N.T.L., ta tsaya a 2007. Allurar matan ƙauye tana nan tana aiki. Wanda ya san wannan tarihi ba zai dubi matan nan da idon tausayi kaɗai ba, domin sun nuna dabarar canza sana'a wadda manyan kamfanoni masu injuna da manajoji suka kasa nunawa.

A nan ya dace a ɗan ratse a ambaci wani abu. Wasu 'yan boko, idan suka ga mayafin da aka harhaɗa da guntayen yadi aka yi masa shafi aka bi shi da ɗinki layi-layi, sai su ce ai wannan koyi ne da matan Turawan mishan. Mai yiwuwa ne saƙar kwarashi da ta ulu ta wannan hanya suka shigo. Amma dabarar cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a danne ta da ɗinki ta daɗe a ƙasar Hausa, ita ce lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a ƙofar fadar Zazzau ya ga 'yan lifida da dawakinsu a lulluɓe. Garin da Allah ya wadata da itatuwan rimi, wanda katifarsa da matashinsa tun fil azal da audugar rimi ake cusa su, ba ya bukatar a zo daga ƙetare a koya masa wannan.

To, yanzu a bi hula guda ɗaya daga farkonta zuwa kan mai sa ta, a ga inda kuɗi suke tsayawa. Mai jari, wanda galibi yana da rumfa a kasuwar Sabon Gari ko cikin birni, shi ne yake sayen farin yadi da zare. Ya kai wa mai zane, ya fitar da fasalin adon a jikin ƙyallen. Daga nan sai a damƙa wa wata dillaliya ko wani ɗan aike, ya hau babur ya rarraba a ƙauyuka. Matar da ta karɓa za ta yi makonni tana tsira allura, rami bayan rami, idan aikin mai cika ne irin na zanna bukar takan haura wata guda, domin ba ta samun zama sai tsakanin aikin gida da aikin gida. Idan ta gama a karɓa a biya ta ladan hannu. Sai a haɗa kai da jiki, a kai wa masu wankin hula su wanke, su sa sitaci, su ɗora a gungume ta bushe ta miƙe. Daga nan ta shiga gilashi a kasuwa, ko ta wuce Kaduna ko Abuja ko Ikko. A cikin dukkan hannuwan nan, wanda ya fi daɗewa a kan hular shi ne hannun matar ƙauye, ita ce kuma kaɗai a cikinsu wadda ba ta taɓa jin nawa aka sayar da ita ba. Mai zane yana zaune a kasuwa, yana ji ana ciniki. Mai wanki haka. Ita kuwa tana cikin kulle, tsakaninta da kasuwa akwai mutum biyu ko uku, kowanne yana da dalilin da zai sa ya rage mata labari.

Abin ya fi muni da damina saboda bashi. Mace tana cikin matsi, yaro ba lafiya, sai ta aika wa dillaliya a ba ta wani abu daga cikin ladan aikin da ba ta gama ba. Za a ba ta, har da fara'a. Amma daga ranar ta rasa bakin cewa a ƙara mata, ta kuma rasa ikon karɓar aikin wani mai jarin da zai fi biya, sai ta sauke wannan. Kafin ta sauke wata bukatar ta taso. Haka za a yi ta yi har kaka, lokacin da bikin aure yake yawa, hula take tsada, ribar tsadar kuwa ba ta isowa ƙauye domin an riga an yanke lada tun cikin marka.

Adalci ne a saurari mai jari, domin shi ma yana da abin faɗa. Zai ce shi ne ya zuba kuɗinsa a zaren da ake shigowa da shi daga waje, wanda farashinsa yake bin canjin dala. Zai ce a cikin huluna goma da ya raba, wata za ta dawo da tabon manja, wata hayaƙi ya dafar da ita, wata an canza mata launin zare domin wanda ya bayar ya ƙare ko an yi wani aikin da shi, wata ma ba za ta dawo ba sai bayan salla ta wuce. Zai ce ga hular inji, wadda kwamfuta take fitarwa cikin ɗan lokaci, ga ta ƙasar Sin mai kwaikwayon ta hannu, duk suna karya masa kasuwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce a kawar da 'yan kasuwa daga tsakani bai san yadda kaya suke tafiya ba. Matar Bomo ba za ta kai hularta Ikko da kanta ba. Sai dai duk hujjojin nan suna bayyana dalilin da ya sa mai jari zai ci riba ne, ba su bayyana dalilin da ya sa za a ɓoye wa mai aiki farashi ba. Cinikin da ɗaya ya san kasuwa ɗaya bai sani ba, ko an yi shi da yardar baki, akwai sauran magana a cikinsa, malaman fiƙihu ma sun daɗe da yin bayani a kan tarbar masu kawo kaya daga ƙauye kafin su iso kasuwa su ji farashi.

Sai maganar 'yan mata, wadda ita ce ta fi wuyar yanke hukunci. Babban hutun makarantun firamare da sakandare yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da ake wannan zama, don haka yarinya takan sami hannu sosai a cikinsa. Wannan alheri ne. Yarinyar da ta iya allura ta sami abin da ba mai ƙwace mata, ko a gidan wa ta tsinci kanta, kuma zama kusa da uwa ana ɗinki ya fi yawon talla a tashar mota ta Kwangila nesa ba kusa ba. Inda gizo yake saƙar shi ne ranar da aka koma makaranta. Uwa ta ga 'yarta ta fara kawo kuɗi, ga kayan ɗaki ana tarawa, kwalla da tasa da gado, waɗanda al'ada ta ɗora wa uwa, sai ta ce a bari ta ƙarasa wannan hular tukuna. Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ake fama da wannan ja-in-ja tsakanin aji da sana'ar gida. Ba za a warware shi da zagin iyaye mata a rediyo ba. Uwar da ake biya ladan kirki a kan aikinta ba ta bukatar hannun 'yarta domin ta cike gibi. Ƙarancin ladan shi ne yake jawo yarinya daga aji, saboda haka mai son ilmin 'ya'ya mata a ƙauyukan nan ya kamata ya damu da farashin ɗinkin hula.

Akwai kuma ido. Mace takan fara wannan aiki tana ganin ramin allura ko da magariba, kafin ta kai shekara arba'in da 'yan kai sai ta fara miƙa wa jikarta ta zura mata zare. Wannan raunin gani na kusa abu ne da yake zuwa da shekaru ga kowa, tabarau mai sauƙin kuɗi yake gyara shi. Amma a ƙauye sai a ce ido ya mutu, gwanar da ta fi kowa sanin aiki ta ajiye allura a daidai lokacin da hannunta ya nuna. Abin takaici ne a ce haka tana faruwa a ƙauyukan da suke kallon Asibitin Koyarwa na Shika.

Gwamnatoci sun sha cewa za su taimaki matan karkara. Tun daga shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, kusan kowace uwargidan shugaba ko ta gwamna takan zo da nata, kuma kusan kullum ƙarshensa taro ne a babban ɗaki, a jera kekunan ɗinki, a ɗauki hoto. Keken ɗinki abu ne mai amfani ga tela. Amma mai ɗinkin hula ba keke ne ya dame ta ba, darajar aikinta ma ita ce ba keke ya yi shi ba. Abin da take bukata ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ba su da farin jini wurin masu son a gan su a talabijin: zare a farashin sari, fitila mai aiki da hasken rana, tabarau, ɗan jarin da zai hana ta karɓar lada kafin aiki, da kuma wanda zai gaya mata gaskiyar abin da ake sayar da hula a Sabon Gari wannan makon.

Ba sai an ƙirƙiro wata sabuwar ƙungiya mai shugaba da sakatare da hatimi ba. Ƙungiyar tana nan, ita ce adashin da suke zubawa, wanda yake da uwar adashi da kowa ya amince da ita, da ƙa'idar kwasa da ba a saɓawa. Idan mata goma da suke zubi tare suka ware kwasa ɗaya suka sayi yadi da zare da kansu, suka biya mai zane, to, hular da za ta fito tasu ce, sayarwa za su yi, ba lada za a ba su ba. Wayar hannu kuma ta rage tsawon katanga. Matar da ba ta fita tana iya ganin hoton hula da farashinta, tana iya karɓar kuɗinta ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. An ga irin wannan a wasu wurare. A wani ƙauyen baƙaƙen fata mai suna Gee's Bend, a jihar Alabama ta Amurka, mata sun yi shekaru aru-aru suna harhaɗa tsofaffin tufafin aikin gona suna yin mayafi saboda sanyi da talauci. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin kai domin sayar da aikinsu, a 2002 aka baje mayafan nan a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, har a 2006 aka buga hotunansu a kan tambarin aika wasiƙa na ƙasar. A nan gida ma, a shekarun 1990 wasu matan birnin Zariya sun haɗu a ƙarƙashin sunan Sarauniya Amina, suna ɗinkin hannu ana kai shi har Amurka. Sai dai kada a ruɗu da wannan. Kasuwar ƙetare 'yar kaɗan ce, ba za ta ɗauki matan ƙauye ɗari-ɗari ba. Babbar kasuwar tana nan a masallacin Juma'a, inda za a duba sahu daga wannan bango zuwa wancan da wuya a ga kai babu hula.

Saura fuska ta biyu, wadda ta fi shafar masu karanta wannan mujalla. A bakin matan nan da na tsofaffin maɗinka akwai wani ɓangare na harshen Hausa da bai gama shiga takarda ba. Kowane ado yana da suna, kowane irin tsirar allura yana da suna. A riga akwai aska biyu da aska takwas da tambari da linzami da cin wuya da malum-malum. A hula akwai ƙube da damanga da haɓar kada da zanna bukar, wadda ta ci sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan jamhuriya ta farko, har da wadda aka laƙaba wa mu haɗu a banki, sunan da shi kaɗai ya isa a rubuta maƙala a kan yadda Bahaushe yake yi wa masu kuɗi ba'a yana kuma sha'awarsu. Sunayen nan suna haihuwa suna mutuwa tare da yayi, kowannensu yana ɗauke da tarihin shekarar da aka raɗa shi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tsinci kalmomin kaɗi da saƙa da rini masu yawa, albarkacinsa ne ma ɗalibin yau yake iya sanin wasunsu, tun da abin da suke nufi ya ɓace daga gidaje. Amma kalmomin da aka ƙirƙira bayan mata sun karɓi allura, wa yake tattara su? Babban aikin da aka yi a kan ɗinkin adon Hausawa a wannan jami'a shi ne na David Heathcote, wanda ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala kundin digirinsa na uku a 1979. Aiki ne mai daraja, amma da Turanci aka rubuta shi, kuma an yi shi kafin wasu daga cikin canje-canjen da aka bayyana a sama.

Ɗaliban Hausa kuwa, idan lokacin zaɓen batun kundi ya zo, sai a yi ta rububin jigo da salo a waƙoƙin makaɗan da aka riga aka yi wa nazari sau da yawa, domin kaset yana nan, littattafan da za a dogara da su suna nan, ba sai an taka taɓo ba. Ba a raina nazarin waƙa ba. Amma waƙar da aka ɗauka a faifai za ta jira mai nazari ko bayan shekara hamsin, tsohuwar da ta san sunan kowane ɗinki kuwa ba za ta jira ba. Wani zai ce ai gidajen nan ba a shiga. Namiji ne ba ya shiga, shi ya sa ma binciken da maza suka yi a da ya tsaya a zaure da rumfar kasuwa. Yanzu kuwa azuzuwan Sashen cike suke da ɗalibai mata, waɗansunsu a irin gidajen nan aka haife su, waɗanda za su yi sallama su ce, "Sannunku da aiki, Inna," a shimfiɗa musu tabarma ba tare da wani ya tambayi takardar izini ba. Daga ƙofar jami'a zuwa Bomo ba ta kai tafiyar da ɗalibi yake yi zuwa Sabon Gari sayen takalmi ba.

Sharaɗi ɗaya ne ya kamata Sashen ya gindaya wa duk wadda za ta tafi. Kada ta je ta kwashe kalmomi da hotuna ta dawo ta sami digiri, matan da suka ba ta ilmin su ci gaba da zama cikin duhun farashi. Kafin ta shiga ƙauye ta fara bi ta layin masu hula a kasuwar Sabon Gari, ta tambayi kuɗin kowane iri, da na yadi, da na zare, da ladan mai zane da na mai wanki, ta rubuta, ta karanta musu idan ta isa. Abin da ta tattaro kuma a rubuta shi da Hausa, da zanen kowane ado kusa da sunansa da sunan ƙauyen da aka ji shi, a buga ko da 'yan shafuka ne, a mayar wa uwar adashi kofe guda.